Bin Sawu a Cikin Kwamfuta

 Na san akasarinmu mun fi sabawa da labaran soyayya da na zaman gida, to yau sai ku yi mini haƙuri, domin cikin kwamfuta zan ja ku. Amma kada wannan ya firgita kowa, maganar ta mutunci ce, kuma mutuncin wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo ya san aikin masu bin sawu. Idan aka kwance wa mutum sa ko tunkiya cikin dare, abu na farko da ake yi da asuba shi ne a hana kowa tattaka bakin turke, sannan a aika a kira wanda ya iya karanta ƙasa. Shi kuwa idan ya zo ba ya tambayar wa ake zargi. Durƙusawa zai yi ya dubi kofato, ya ga inda ya fuskanta, ya ga ko dabbar da kanta ta tafi ko janta aka yi, ya ga takalmin da ke biye da ita. Amfanin wannan sana'a bai tsaya ga gano dabba ba, har da wanke mutanen da bakin jama'a ya riga ya fara sauka a kansu, tunda dai an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To ashe ita ma kwamfuta tana da ƙasar da ake karantawa, kuma akwai kayan aikin bin sawunta, kyauta, ga duk mai son koyo.

Ina da ɗan shago a Unguwar Hajji inda nake buga takardu da hoton katin shaida da cike wa ɗalibai fom. A shekarar 2024 kwamfutoci uku ne a shagon, dukkansu na hannu, faifan sola ɗaya da batir ke riƙe da su. Ta farko tsohuwa ce ƙwarai, na sa mata Debian 12 saboda ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma a cikinta muke ajiye lissafin wata ƙungiyar manoman rani da ke noman tumatir da albasa a gefen ruwan Challawa. Ta biyu wani ɗan bautar ƙasa ne ya sayar mini da zai koma gida, wanda ya yi sansaninsa a Kusalla, ita kuma Ubuntu ce a kanta. Ta ukun ta ƙanena ce mai karatu a Kano, ya bar ta a wurina da Fedora a ciki.

Mai karatu zai ce, to mene ne bambancinsu? Dukkansu Linux ne, wato ƙwayar babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, ya kuma sake ta ga duniya kowa ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Sai dai ƙwaya kaɗai ba ta isa a yi aiki da ita, dole a haɗa ta da sauran manhajoji, shi ya sa gidaje daban-daban suka taso kowa da irin haɗinsa. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, Fedora ta fito a 2003 ƙarƙashin kulawar kamfanin Red Hat, sannan Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, wadda daga jikin Debian aka tsage ta. Kamar dai 'ya'yan kaka ɗaya ne da kowa ya kafa gidansa, jini ɗaya, amma kowane gida da inda yake ajiye makullin rumbu.

Ƙungiyar manoman nan ce ke sayen datar da muke amfani da ita, bisa yarjejeniyar ni kuma in riƙe musu lissafi ba tare da sun biya ni ba. Sai aka wayi gari datar wata guda tana ƙarewa cikin kwana shida. Aka sake saye, ta sake ƙarewa. A shagon kuwa akwai ɗan yayata, maraya ne, shi ke share wuri yana koyon bugun rubutu, kuma shi ke kwana a ciki saboda tsaron batir. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a majalisa cewa yaron nan fina-finai yake kwana yana kallo da kuɗin manoma. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Ma'ajin ƙungiya, dattijo ne sa'an mahaifina, ya tsaya a bakin shago ya ce, "Malam, ba mu ƙi taimakon maraya ba, amma kuɗin nan amana ce. Ko dai yaron nan ya bar kwana a nan, ko mu ɗauke littafinmu."

Na ce, "Baba, a ba ni mako ɗaya. Idan shi ne, ni da kaina zan kawo shi gabanku."

Da dare yaron ya same ni ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ba." Na ce masa na ji, amma rantsuwarsa da yardata ba za su rufe bakin majalisa ba, abin da za a gani da ido ake bukata.

A nan ne bin sawu ya shigo. Duk wata manhaja da ke cikin kwamfuta ba ta iya buɗe fayil ko aika saƙo ta intanet da kanta, sai ta miƙa buƙatarta ga ƙwaya, ƙwaya ta yi mata. Saboda haka wanda ya zauna a bakin wannan ƙofa zai ga kowa da abin da ya zo nema. Mafi tsufa cikin masu wannan gadi ita ce strace, wadda Paul Kranenburg ya rubuta a 1991, tana bin manhaja ɗaya tana zayyano duk abin da ta roƙa. Akwai LTTng da Mathieu Desnoyers ya fara a 2005 a birnin Montreal na Kanada, mai tara bayanai masu ɗimbin yawa a duba daga baya. Akwai perf da ta shiga Linux a 2009, mai nuna inda ƙarfin kwamfuta ke tafiya. Sannan daga 2014 aka samu eBPF, wata dabara da ke ba mutum damar dasa ɗan ƙaramin ɗan leƙen asiri a cikin ƙwayar kanta ba tare da ya lalata komai ba, kuma a kanta aka gina tarin kayan aikin da ake kira BCC. A cikin tarin nan akwai wata 'yar manhaja mai suna tcplife da Brendan Gregg ya rubuta, aikinta shi ne duk lokacin da wata manhaja ta gama magana da waje, ta rubuta sunanta, da inda ta yi maganar, da yawan abin da ta aika, da yawan abin da ta karɓa. Ita nake nema.

Tunda kwamfutocin uku duk daga 'yar na'urar intanet ɗaya suke sha, dole in girka ta a kan kowacce, kuma a nan ne na ga abin da ake nufi da kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kowane gida na da rumbunsa na manhajoji a intanet, da ma'ajin da ke ɗebo maka. A Debian da Ubuntu sunan ma'ajin apt, a Fedora kuma dnf. Ita strace ba ta da wahala, sunanta ɗaya ko'ina, ka ce apt install strace ko dnf install strace, shi ke nan. Amma BCC a Debian da Ubuntu sunan ƙunshinta bpfcc-tools, kuma kowace manhaja a ciki an liƙa mata wutsiya, sai ka kira tcplife-bpfcc kafin ta amsa. A Fedora kuwa sunan ƙunshin bcc-tools, babu wutsiya, sai dai an ajiye su a wani lungu, /usr/share/bcc/tools, idan ba ka bi su can ba kwamfuta za ta ce maka ba ta san su ba. Haka perf take: linux-perf a Debian, perf kawai a Fedora, a Ubuntu kuma a lokacin tana cikin ƙunshin linux-tools mai ɗauke da lambar ƙwayarka. Ita LTTng ma ban taɓa ta ba, domin ɓangarenta da ke shiga cikin ƙwaya sai an harhaɗa shi a kan kwamfutar, Debian da Ubuntu na da ƙunshin da ke yin haka da kansa, a Fedora kuwa da hannu ake yi, ga shi abin da nake nema bai kai nan ba.

Akwai wani tarko da ƙanena ya gargaɗe ni a kansa ta waya, ni ma bari in gargaɗi mai karatu. BCC ba ta aiki sai da wasu fayilolin da ke bayyana mata fasalin ƙwayar da ke gudana, linux-headers a gidan Debian da Ubuntu, kernel-devel a gidan Fedora, kuma dole lambarsu ta yi daidai da lambar ƙwayar, ko ɗigo ɗaya kada ya saɓa. Umarnin uname -r ne ke faɗa maka lambar. A Fedora, wadda ke fitar da sabon zubi kusan duk wata shida kuma take yawan sauya ƙwaya, abu ne mai sauƙi ma'aji ya ɗebo maka na sabuwar ƙwaya alhali kwamfutarka a kan tsohuwa take tafiya, sai ka ga jan rubutu ya cika fuska ka zaci abin ya lalace. Maganinsa ka sabunta ƙwayar, ka kashe ka kunna, ko kuma ka kira lambar da kake so da sunanta. Haka kuma kada ganin Ubuntu 'yar Debian ce ya sa ka kwashi ƙunshin wannan ka kai wa waccan don tsimin data, sau da yawa ba sa jituwa. Ga nauyi kuma, domin BCC na janyo wasu manyan manhajojin harhaɗawa tare da ita. Da layina na sayi datar dare na sauke su, don kada a ce binciken ma kuɗin manoma ya ci.

Dare uku na bar tcplife tana gadi a kan kwamfutocin, da izinin maigida wato sudo, tana zuba abin da ta gani a fayil. Ta Ubuntu da ta Fedora ba su nuna wani abin a zo a gani ba. Amma da na buɗe na tsohuwar nan mai lissafin ƙungiya, sai ga suna ɗaya yana ta maimaituwa tun daga sha ɗayan dare har asuba, sunan wata manhajar ajiya da aka sa tun farko don ta riƙa kai kwafin lissafin ƙungiya intanet saboda tsoron gobara ko sata. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ginshiƙai biyu na kusa da ƙarshe. Wurin abin da aka karɓa kusan babu komai, wurin abin da aka aika kuwa lambobi ne manya-manya. Mai kallon fim saukowa yake yi da kaya, nan kuwa kofaton waje ya fuskanta. Wani abu ne ke fita daga shagon.

Sai na ɗora strace a kan manhajar, na ce ta nuna mini fayilolin da take buɗewa kawai. Ba a yi minti ashirin ba sai ga shi: bidiyon biki ne mai nauyin gigabait uku da ɗoriya, yana zaune a cikin jakar lissafin ƙungiya. Manhajar na ƙoƙarin aika shi, sabis ɗinmu na ƙauye ya yanke, ita kuma ta koma ta faro daga farko, haka take yi kullum ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba. Ranar da aka ajiye bidiyon tana rubuce a jikinsa, kuma na tuna ranar sarai. Baba Ma'aji ne ya zo da filashi ya zauna da kansa ya kwafe bikin 'yarsa don kada ya ɓata, ya sa shi a jakar da ya fi sani, wadda kullum yake ganin ana buɗe masa.

Gida na same shi bayan sallar isha'i, shi kaɗai, na nuna masa takardar da na buga, na bi da shi layi-layi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wato ni ne na ɗaure akuyar a bakin rumbu." Na ce, "Baba, ba wanda ya san haka za ta faru, rashin sani ya fi dare duhu." Bai ce komai ba. Washegari da hantsi, lokacin da bakin shago ya fi cika, sai ga shi ya zo ya kira yaron da sunansa, ya ce a gaban kowa an bincika ba shi da laifi, shi ne ya yi gaggawar magana, ya kuma nemi ya yafe masa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Muka fitar da bidiyon zuwa wata jaka, data ta koma kai wata.

Abu ɗaya nake so in ja hankalin matasanmu masu sha'awar wannan fanni a kai. Kayan nan kyauta ne, kuma duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta da haƙurin karatu zai iya girka su, amma idon da suke ba ka mai kaifi ne. Da strace za ka iya ganin abin da mutum ke bugawa, da tcplife za ka san inda kwamfuta ta leƙa cikin dare. Wannan ne ya sa Ubuntu ba ta barin ka liƙa strace a jikin manhajar da ta riga ta tashi sai da izinin maigida. Ni kafin in fara sai da na gaya wa yaron da shugabannin ƙungiya cewa zan sa gadi, da na gama kuma na goge abin da aka tara, na bar takarda ɗaya tak da ta shafi maganar. Wanda ya girka irin waɗannan a kwamfutar matarsa ko ta abokin aikinsa a ɓoye, ya sani leƙen asirin mutane yake yi, ko da wane suna ya kira shi.

Yanzu yaron ne ke girka manhajoji a shagon. Ya sayi littafi mai layi arba'in ya ja ginshiƙai uku, Debian da Ubuntu da Fedora, duk ƙunshin da ya girka sai ya rubuta sunan da kowane gida ke kiransa da shi. Kwanan baya wani malamin makaranta daga Rogo ya kawo kwamfuta mai Arch, wadda ma'ajinta pacman ne, na ga ya ɗauko rula yana jan ginshiƙi na huɗu.