Matar da ke bin jemagu

A nan Tawa ba mu ɗauki jemage bakin komi ba. Yara na jifar shi, manya na cewa ƙazami ne. Ni kam na bar raina shi tun ran da na ji labarin Iroro Tanshi.

Ita ƴar Najeriya ce, ta yi karatu mai zurfi a kan jemagu. Aikinta na dare ne. Ta kafa raga cikin daji, ta kama jemage, ta auna shi, ta rubuta, ta sake shi. Kar ku ce aikin banza ne. Ƙananan jemagu ƙwari suke ci. Manyan kuwa, su ke kai garin furen kuka daga wannan itace zuwa wancan, har ta yi ƴaƴa.

A 2016, a dutsen Afi, can kudancin Najeriya, ta kama wani ɗan jemage mai gajeren wutsiya. An yi shekara 45 ba wanda ya gan shi. Ba a daɗe ba sai ga wutar daji, ta ci wurin.

Abin da ya burge ni, ba ta tsaya zagin manoma masu ƙona gona ba. Wurinsu ta tafi. Tare suka sa mutane masu lura da wuta, su kashe ta tun tana ƙarama. A 2021 an ba ta kyautar Whitley ta Ingila.

Wannan wutar mu ma mun san ta. In ciyawa ta bushe wajen Abalak da Cintabaraden, wuta ɗaya na cinye abincin bisashe na rani duka.