Tsohon Firam Ya Zama Allo

Dutse gari ne na duwatsu da dabino. Daga duwatsun nan da suka kewaye shi ya samo sunansa. A da yana cikin Jihar Kano, amma ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanki Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Tun daga sa'an nan ma'aikata suka yi ta zuwa, aka gina ofisoshi da makarantu da gidaje masu yawa. To, duk inda mutane suka yawaita, kaya su kan yawaita. Inda kaya suka yawaita kuwa, ba a rasa tsofaffi waɗanda aka gaji da su aka yar. Ɗaya daga cikin irin kayan nan shi ne firam ɗin hoto.

Firam shi ne katakon nan mai kusurwa huɗu da a ke sa hoto a ciki, a rufe fuskarsa da gilashi, a rataye a bango. Ya kan daɗe yana ƙawata ɗaki. Amma wata rana sai ƙusa ta zare, ya faɗo, gilashin ya fashe. Daga nan sai a jefa shi bayan ɗaki, gara ta ci rabonta, sauran kuma ya tafi murhu. Wannan hasara ce, gama da tsohuwar zuma a ke magani. Yaro mai hankali, ko yarinya, yana iya mai da firam ɗin nan ya zama allon rubutu mai kyaun gani, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Me ya sa yaro ya ke bukatar allo a gida?

Rubutu da lissafi ba su zama a hannu sai da maimaitawa. Yaron da ya rubuta harafi sau ɗaya a aji, ya tafi gida bai sāke ba, gobe sai ya iske ya manta. Amma maimaitawa tana cin takarda. Littafin rubutu mai falle 40 yana da shafi 80. In yaro yana cika shafi biyu kowace rana, cikin kwana 40 littafin ya ƙare, watau ko wata biyu bai yi ba. Uban da ke da 'ya'ya biyar ko shida a makaranta ba kullum ya ke da halin sayen sabo ba. Saboda haka yara da yawa su kan ji tsoron ɓata takarda, su ƙi gwada lissafin da ya yi musu wuya. Ta haka a ke barinsu a baya, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don rashin wurin gwaji.

Allo kuwa ba ya ƙarewa. A rubuta a share, a sāke rubutawa a sāke sharewa, har sau dubu, yana nan yadda ya ke. Wanda ya yi kuskure bisa allo ba ya jin kunya, don tsumma ɗaya ya isa ya kawar da kuskuren.

Allo ba baƙo ba ne

Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna zane tun takarda ba ta wadata ba. A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen zamanin da suka zana hotunan shanu a jikin dutse. Har yanzu zanen yana nan, baƙi suna zuwa kallo.

Bayan wannan ga allon makarantar Alƙur'ani, wanda kowane yaro ya sani. Masassaƙa su kan sassaƙa shi da icen aduwa, domin ƙarfi gare shi. Tawadarsa da gawayi da ƙaro a ke yin ta, alƙalamin kuwa da gamba ko kara. In almajiri ya haddace abin da aka rubuta masa, sai ya wanke, a yi masa ƙari. Ran da ya sauke kuma, a kan yi masa allon zayyana, wanda aka ƙawata da zane na launi iri iri, ya riƙe shi gaban jama'a yana karantawa. Ashe yi wa allo ado al'ada ce tsohuwa, ba yau aka soma ba.

Da ilmin boko ya zo, sai ya zo da nasa irin allon. A 1909 ne Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Sannu a hankali makarantu suka bazu cikin garuruwa, kowane aji da baƙin allonsa. A Ingila ma yara sun daɗe suna rubutu bisa wani baƙin dutse mai tsaguwa fale-fale, wanda a ke yi wa baki da katako, kamar dai firam. Bambancin allunan nan biyu a fili ya ke. Na makarantar Alƙur'ani fari ne, rubutunsa baƙi. Na boko baƙi ne, rubutunsa fari, da alli a ke yin sa. Sunan alli ma ba sabo ba ne. Tun da can mata masu kaɗi suna da allinsu, watau farin abin nan na ƙonannen ƙashi da su ke shafa wa yatsu sa'ad da su ke murza mazari.

Kafin a soma aiki

Abu na fari shi ne neman izini. Firam yana da mai shi, ko da ya tsufa. Sai yaro ya je wurin mahaifinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, in ka yarda, ina son tsohon firam ɗin nan da ke bayan ɗaki, in yi allo da shi." In an ba shi, ya yi godiya. In babu a gida, a tambayi masu ɗaukar hoto, ko a duba wurin 'yan gwanjo ran kasuwa, ko a Dutse, ko Shuwarin, ko Kiyawa, ko Jahun.

A zaɓi wanda katakonsa ke da sauran ƙarfi. In an danna da farce ya lotsa, ko an ga gari yana zubowa daga ƙananan huda, ƙwari sun riga sun cinye cikinsa, ba shi da amfani.

Abu na biyu shi ne hoton da ke ciki. Kada a yar da shi. Wataƙila hoton kaka ne wanda ya riga mu gidan gaskiya, babu kuma wani irinsa a duniya. A zare shi a hankali, a sa cikin ambulan, a kai wa manya su ajiye a akwati. Katako a kan sami wani, amma fuskar kaka in ta ɓace ta ɓace ke nan.

Abu na uku shi ne gilashi. Wannan ba aikin yaro ba ne. Babba ne zai naɗe hannunsa da tsumma mai kauri ya cire shi, ya tattara ɓaraguzan sarai, ya binne su a rami mai zurfi inda ba a noma, ba a kuma wasa. Yara da yawa suna yawo ba takalmi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Yadda a ke yi

Kayan aikin ba su da yawa: guntun katako marar kauri wanda kafintoci ke kira filawud, da sanfefa, da ƙananan ƙusoshi, da guduma, da buroshi, da baƙin fenti, da igiya.

Da fari a goge firam da ɗanyen tsumma, a bar shi ya bushe. In kusurwoyinsa sun saki, a sa musu gam, a ɗaure da igiya har su kama. Sa'an nan a kife shi, a auna tsawo da faɗin gurbin da gilashi ya fita. A auna sau biyu, gama zarto ba ya mai da abin da ya yanke. A rubuta awon a takarda a kai wa kafinta. Kafintoci ba su rasa guntayen filawud da suka ragu daga aiki, yaro mai ladabi kuwa ya kan samu da araha, wani lokaci ma kyauta.

In an yanko katakon, a goge fuskarsa da sanfefa har hannu ya daina jin tsini. Daga nan sai fenti. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su sayi fenti mai sheƙi don ya fi kyaun gani. Wanda ya gwada rubutu da alli bisa gilashi ya san ba ya kamawa. Dalili kuwa shi ne, alli taushi gare shi. In an ja shi bisa wuri mai ɗan kaushi, sai ya riƙa gogewa, garinsa yana maƙalewa cikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Garin nan da ya maƙale shi ne rubutun. Wuri mai santsi ba shi da ramukan, saboda haka alli ya kan zame kawai. Don haka sai a nemi fentin allo, ko kuwa baƙin fenti marar sheƙi.

A shafa shi sau biyu, kada a cika shi da kauri. Shafi na fari a ja buroshi daga hagu zuwa dama. In ya bushe sarai, a yi na biyu daga sama zuwa ƙasa. A shanya a inuwa, inda kaji ba su kaiwa, ƙurar hunturu kuma ba ta sauka. A yi haƙuri kwana biyu ko uku. Mai gaggawa ya kan bar tambarin yatsunsa a fuskar allo har abada.

Wanda ba shi da kuɗin fenti yana iya daka gawayi, ya tankaɗe da rariya, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya shafa. Da babu gara ba daɗi. Sai dai ya tuna wannan ɗan'uwan tawada ne, tawada kuwa don a wanke a ke yin ta. Ruwa yana taɓa shi zai fita, sai an riƙa sabuntawa.

Akwai abu biyu da ya wajaba a kiyaye. Kada a fasa tsohon batir don a ɗebi baƙin da ke ciki, gama yana da magunguna masu cutarwa. Kuma kada yaro ya kankare tsohon fentin da ke jikin firam har ƙura ta tashi, domin wasu tsofaffin fenti suna da dalma a ciki. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar ƙananan yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da a ke niƙawa don neman zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. A shafa sabon fenti bisa tsohon kawai, in an gama kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

In komai ya bushe, a sa katakon cikin gurbinsa, a kafa ƙananan ƙusoshi ta baya su riƙe shi. A ɗaura igiya ta rataya. Saura abu guda: a kwantar da alli ta gefensa, a goga wa fuskar allon duka, sa'an nan a share da busasshen tsumma. In ba a yi haka ba, rubutun farko ya kan bar inuwarsa, ta ƙi fita.

Ado

Wurin ado shi ne jikin firam, ba fuskar allo ba. Fuska ta rubutu ce, a bar ta fili. Ba sai an je nesa neman zane ba. Ga dagi irin na bangon gidajen sarauta, ga zanen ƙwarya, ga ɗinkin hula, ga reshen dabino. A zaɓi launi biyu ko uku, kamar ja da kore da ruwan ɗorawa. In launi ya yi yawa, ido ya kan bar karatu ya koma kallon ado.

Amfaninsa

Allo ɗaya ya isa gida duka. Da maraice yaro ya yi lissafinsa. In ya gama, ya koya wa ƙanensa baƙaƙe da wasula, wanda ya koyar kuwa shi ma karatunsa ƙara zama ya ke yi. Uwa ta sa a rubuta mata cefane ko bashin masu sayen ƙuli-ƙuli. Uba ya sa a rubuta ranar da aka yi shuka da ranar da aka sa taki. Ana iya rubutun boko, ana iya na ajami. Amma ayoyin Alƙur'ani gara a bar su bisa nasu allon, wanda a ke wankewa a wuri mai tsabta, domin garin alli ƙasa ya ke zuba, a tattake shi.

A rataye allon inda ruwa ba ya zuba. A share shi da busasshen tsumma kullum, da ɗanye kuwa sai jefi-jefi. In baƙinsa ya koɗe bayan an daɗe, shafi ɗaya na fenti ya mai da shi sabo.

Yaron da ya yi wannan aiki ya ci riba biyu. Ya sami wurin gwada karatunsa ba da tsoron ƙarewar takarda ba. Ya kuma koyi duban tsohon abu da idon basira, ya tambayi kansa abin da zai iya zama kafin ya yar. Wanda ya saba da haka tun yana ƙarami, in ya girma ba zai zama almubazzari ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara Dutse ya zama babban birnin Jihar Jigawa?
2. Littafi mai falle 60 kwana nawa zai yi, in ana cika shafi biyu kowace rana?
3. Mene ne bambancin allon makarantar Alƙur'ani da baƙin allo?
4. Don me alli ba ya kama gilashi?
5. Me ya kamata a yi da hoton da aka cire daga firam? Don me?
6. Faɗi tsofaffin abubuwa uku na gida da za a iya mayarwa wani abu mai amfani.