Mutumin da Ke Jikin Takardar Kuɗi

Ran nan ina biyan leburori albashi, sai wani dattijo da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya ɗaga takardar naira dubu, ya yi ta haɗa baƙi har ya karanta. Ya ce, "Malam akawu, wane ne Aliyu Mai-Bornu?" Kunya ta kama ni, gama kullum hotonsa na hannuna, ban taɓa tambaya ba. Na tafi na bincika.

Ashe a Yola aka haife shi, cikin 1919. Da fari malamin makaranta ne, ya koyar da yara a Midil ta Yola da Kwalejin Kaduna. Sai da ya doshi shekara arba'in kana ya gama ilmin tattalin arziki a Jami'ar Biristol ta Ingila, cikin 1957. Cikin 1963 ya gaji Bature, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya, har 1967. Ya rasu cikin 1970, Allah ya jiƙansa.

Da wata ya ƙare na kwashe labari na gaya wa dattijon. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shi ma da gemunsa ya koma aji."