Daga Jiratawa zuwa Tibiri: ruwa a gona albarka, ruwa a cikin inji ɓarna

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Nijeriya. Da damana yake kawo ruwa. Da rani sai rairayi, amma ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin fadama. Shi ne abincin masu noman rani.

Mai bin gulbi daga kudu, Jiratawa zai fara tararwa. Nan ne aka gyara babban filin noman rani a farkon shekarun 1980, fiye da eka 500, a hannun ma'aikatar ONAHA. Da wutar lantarki ake jawo ruwansa. Amma a gefen filin, manoma da yawa da ƙaramin injin ban ruwa suke shayar da zogala da albasa da tumatir. Idan injin ya mutu ana tsakar zafi, kwana kaɗan shuka ta bushe, wahalar shekara ta tafi a banza.

Babban abin da ke kashe inji a ɓoye shi ne ruwa cikin baƙin mai. Ruwa yana hana mai santsi. Ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, tsatsa ta kama, wata rana inji ya ƙame.

Daga Jiratawa sai birnin Maraɗi. Mutanen birni sun san halin gulbi: a shekarar 1945 ya cinye tsohon gari, aka koma bisa tudu. A birni makanikai suke. Ga yadda suke gane mai da ruwa ya shiga, kuma kowane manomi yana iya yi a gonarsa:

1. A zaro ma'aunin mai a duba. Sabon mai kamar zuma yake, tsoho kuwa baƙi ne. Wanda ya yi fari-fari kamar shayi da madara, akwai ruwa a ciki.

2. A duba yawansa. Idan ya haura alama alhali ba a ƙara ba, wani abu ya shiga.

3. A ɗiga ɗigo ɗaya bisa ƙarfe mai zafi. Idan ya yi ta ƙara yana fantsama, kamar ruwa ya faɗa cikin man suyar ƙosai, to ruwa ne.

4. A zuba kaɗan cikin kwalba a bar shi ya kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya.

Masu jirgin ruwa mai inji a kogin Kwara da tafkin Cadi su ma haka suke duba man giyarsu. Can igiyar fatsa ce kan naɗe farfela ta yanka robar da ke tare ruwa.

Daga Maraɗi, tafiya kaɗan arewa maso yamma, sai Tibirin Gobir, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa. Nan ma fadama ce, kuma idan gulbi ya cika yakan malale gonaki. Injin da aka bari bakin rijiya da damana, ko dai ruwan sama ya shiga ta murfin da bai rufu ba, ko ambaliya ta nutsar da shi. Wanka wa inji da bokiti ma yana kawo wannan cuta. Shi kuwa babban injin niƙa mai tukunyar ruwa a ka, idan shimfiɗar da ke tsakanin kansa da gangar jikinsa ta ƙone, ruwan tukunya ne ke zurarewa cikin mai. Wannan aikin makaniki ne.

Wanda ya ga alama, kada ya ci gaba da aiki. Ya zubar da man, ya zuba sabo, ya tada inji kaɗan, ya sake canjawa har mai ya fito tas. Idan farin ya dawo, ya kai wa makaniki. Masu ƙera ƙaramin injin Honda sun ce a canja mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100.

Tsohon mai kuwa a tara shi cikin galan. Kada a zuba kusa da rijiya, don ruwan fadama a kusa yake, kuma shi mutane da dabbobi ke sha.

Kuɗin litar mai bai kai kuɗin sabon inji ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa albarka a noman rani.