Yaran da muka zo da su daga Jos

Mu da muka baro Jos bayan rikicin Nuwamba 2008 mun ɗauka a Bauchi ba za a kira mu baƙi ba, tunda harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya. Yaranmu ne suka fara gane ba haka abin yake ba.

Autana yana aji huɗu a firamare aka laƙaba masa "ɗan gudun hijira". Hausarsa ta Jos, mai gauraye da Turanci, ita ce abin dariya. Da ya buɗe baki sai aji ya ɗauka. Sati biyu yana kukan ciwon ciki, ina barin shago a kasuwar Wunti ina neman magani, ashe makarantar ce ciwon.

Wanda ya tsaya masa wani yaro ne Basayi daga Bogoro, Kirista, wanda shi ma ya sha "arne" har ya gaji. Benci ɗaya, rogo da ƙuli ɗaya lokacin tara. Sai ga maƙwabta: "Haba Liman, ɗanka da ɗan coci?" Na ce, to masu jifansa da baƙar magana fa, ba tare muke sahu da iyayensu ba? Bayan Magariba na karanta musu ayar Hujurati da ta hana izgili da jifa da laƙabi. Wasu sun ji, wasu suka canza masallaci.

Yanzu yaron makanike ne a Yelwa. Shi ke gyara mini babur, kuma har yau faɗa muke kafin ya karɓi kuɗi.