Sharaɗin da dila ba ya karantawa

1/ Duk mai shirin karɓar dilancin kamfani, na lemo ne, siminti ko taki, ya tsaya ya karanta wannan. A takardar yarjejeniyar akwai wani sharaɗi, yawanci can wajen ƙarshe, da ke cewa in ka kasa biyan bashi ko jarinka ya karye, kamfani na iya soke dilancin nan take. 🧵

2/ Kawuna dilan lemo ne a Kankia, bakin titin Kano zuwa Katsina. Shi ke kai wa masu shaguna a Kusada da ƙauyuka kaya, rabi kuɗi hannu, rabi sai an sayar. Firiza ta kamfani ce, allon talla nasu ne, kiret nasu ne. Nasa shi ne hayar shago, kuɗin ajiyar da ya ba su, da jama'ar da ya tara.

3/ Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta yi wuya, 'yan ƙauye suka kasa biya. Bai gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu. Kuɗin mota zuwa Kusada ya cinye ribar. Sau biyu ya makara da biya, sai ga wasiƙa.

4/ Ni na karanta masa ita. Ya ce, "Ɗana, yanzu da me suke so in biya su?" Wallahi tambayar nan ita ce duk maganar. Dilancin ne kaɗai hanyar da kuɗin zai fito, shi kuma aka fara ƙwacewa.

5/ A Amurka, dokar karayar arziki ta 1978, sashe na 365, ta kashe ƙarfin irin wannan sharaɗi. In ka kai kanka kotu, ba a soke maka yarjejeniya don kawai ka karye. Amma in sun riga ka sokewa kafin ka shigar da ƙara, shi ke nan. Ingila ma ta yi makamanciyarta a 2020.

6/ Mu nan fa? Ba mu da wata doka ta musamman kan dilanci, abin da ka sa wa hannu shi alƙali zai duba. CAMA 2020, da Buhari ya sa wa hannu a Agustan shekarar, ta kawo hanyar ceto kamfanin da bashi ya danne, amma mai rajistar Ltd. Kawu sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista a CAC, don haka bashin na wuyansa ne, har gonarsa ba ta tsira ba.

7/ Abin da ya ba ni mamaki, fiƙihunmu na Malikiyya ya daɗe da babin taflisi. Wanda ya sami ainihin kayansa wurin wanda ya karye shi ya fi cancanta da su, kuma ana bar wa mutum abinci da sutura. Firiza da kiret dai ba gardama, nasu ne. A ganina zaluncin yana wajen rashin wa'adi.

8/ Kafin ka sa hannu, nemi a rubuta kwana nawa za a ba ka ka gyara in ka makara, yaushe za a maido kuɗin ajiya, kuma wa zai ɗauki kayan da ba a sayar ba, a kan wane farashi. In wakilinsu ya ce "haka takardar take ga kowa", karɓi kwafi ka kai wa lauya a Katsina.