Bayan Gidan Gwamnati Sai Ina: Majalisar Dattawa Ko Shugabancin Ƙasa?

A ƙasarmu Nijeriya, da zarar gwamna ya shiga shekararsa ta bakwai a kan mulki, musamman idan mai farin jini ne a wurin talakawa, sai ka ji muhawara ta ɓarke a tashoshin mota da kasuwanni da ɗakunan kwanan ɗalibai. Dalili kuwa shi ne tsarin mulki na 1999 bai yarda a zaɓi mutum gwamna fiye da sau biyu ba, wato shekara huɗu sau biyu. To, bayan nan sai ina? Wasu su ce ya tafi Majalisar Dattawa ya wakilci mutanensa, wasu kuma su ce ai wannan ya wuce nan, shugabancin ƙasa ne ya dace da shi. A wannan ɗan rubutu ina so in faɗi nawa ra'ayin, kuma zan kafa hujja da abin da ya faru a jiharmu ta Anambra, domin a can mun ga gwamnoni biyu masu farin jini, kowanne ya bi hanyarsa daban.

Na farko shi ne Dokta Chris Ngige, wanda ya hau mulki a watan Mayu na 2003. Ni a lokacin ban san komai ba, labarinsa a bakin mahaifina na ji shi. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Anacha, kuma duk lokacin da muka hau wata hanya mai kyau idan za mu ƙauye, sai ya ce mana, "Wannan aikin Ngige ne." Abin da ya jawo wa Ngige ƙaunar jama'a abu biyu ne. Na ɗaya, ya yi fito-na-fito da iyayen gidansa na siyasa, har ta kai a watan Yuli na 2003 aka tsare shi aka yi yunƙurin raba shi da kujerarsa da ƙarfin tsiya. Na biyu, ya shimfiɗa hanyoyi a jihar da ta daɗe tana kukan rashinsu. Duk da haka, a watan Maris na 2006 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa ba shi ya ci zaɓen 2003 ba, Mista Peter Obi na jam'iyyar APGA ne ya ci.

Shi ma Obi bai sha da daɗi ba. Majalisar dokokin jiha ta tsige shi a watan Nuwamba na 2006, kotu ta mayar da shi a watan Fabrairu na 2007. Aka sake yin zaɓe a shekarar aka rantsar da wani, sai Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Obi bai cika ba, ya koma kujerarsa a watan Yuni. Ya sake cin zaɓe a 2010, ya sauka a watan Maris na 2014. Mutane sun san shi da tsimin kuɗin gwamnati, da kuma mayar wa majami'u makarantun da hukuma ta karɓe daga hannunsu bayan yaƙin basasa. A irin waɗannan makarantu da yawa daga cikin tsararrakina suka yi karatu.

Ngige ya zaɓi hanyar majalisa. A 2011 ya tsaya takarar sanatan Anambra ta Tsakiya, ya kayar da marigayiya Farfesa Dora Akunyili da ƙyar. Amma abin lura shi ne, yana kan kujerar sanata ya sake fitowa takarar gwamna a 2013, bai kuma yi nasara ba. A 2015 kujerar sanatan ma ta kuɓuce masa, daga baya aka naɗa shi ministan ƙwadago. A ganina wannan ya nuna inda zuciyarsa take. Mutumin da ya saba ya ba da umarni yau, gobe a ga motocin aiki a kan hanya, da wuya ya sami natsuwa a zauren da aikinsa shi ne magana da jefa ƙuri'a. Har yau idan ka tambayi dattawan garinmu me suke tunawa da shi game da Ngige, hanyoyi za su ambata maka, ba za ka ji an kawo zancen shekaru huɗun da ya yi a majalisa ba.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi mene ne ainihin aikin sanata. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Aikinsu shi ne yin doka, da duba kasafin kuɗi, da tantance ministoci da jakadu da manyan alƙalai, da kuma sa ido a kan yadda ma'aikatu ke kashe dukiyar jama'a. Sanata ba shi da baitulmali, ba shi da kwamishina. Ko ayyukan mazaɓu da ake ta magana a kansu, a cikin kasafin kuɗi ake sa su, ma'aikatu da hukumomin gwamnati ne ke aiwatarwa. Wannan aiki yana buƙatar mai haƙurin karanta takardu, mai zama a kwamiti awa da awanni, mai iya lallashin abokan aiki har su goyi bayan ƙudurinsa. Gwamna kuwa farin jininsa daga aikin zartarwa yake zuwa: hanya, asibiti, makaranta, biyan albashi a kan kari. Sana'o'i ne guda biyu mabambanta, kuma masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saboda haka nake ganin kuskure ne yadda muka ɗauki majalisa tamkar wurin hutun tsofaffin gwamnoni. Idan gwamna mai barin gado ya ce yana son kujerar sanata, yawanci babu mai iya ja da shi a zaɓen fid da gwani, domin jam'iyya a jihar tana hannunsa. Ta haka ake ture wanda ya shekara takwas ko goma sha biyu yana koyon aikin majalisa, a kawo wanda zai fara daga farko, mai yiwuwa ma ba ya sha'awar koyo. Hasarar ta jama'ar mazaɓar ce. Wasu kuma suna cewa tsofaffin gwamnoni mafaka suke nema a can. In haka ne, to mafakar ba ta da rufi, domin rigar kariyar da sashe na 308 ya tanada ta shugaban ƙasa ce da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu, ban da sanatoci. Tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, yana sanata kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a 2018.

Bugu da ƙari, kujerar ma ta daina zama tabbas. A 2019 marigayi Abiola Ajimobi, wanda shi ne gwamnan Oyo na farko da ya ci zaɓe sau biyu a jere, ya nemi kujerar sanatan Oyo ta Kudu ya faɗi. A 2023 kuwa gwamnoni masu ci da dama sun sha ƙasa a takarar sanata, cikinsu har da Samuel Ortom na Binuwai, da Okezie Ikpeazu na Abiya, da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu, da Ben Ayade na Kuros Riba, da Darius Ishaku na Taraba. Masu zaɓe sun fara tambayar abin da mutum zai je yi a can.

Ba na musun cewa akwai waɗanda majalisa ta karɓe su. Bukola Saraki ya bar gidan gwamnatin Kwara a 2011 ya tafi majalisa, ya zama shugabanta daga 2015 zuwa 2019. Godswill Akpabio na Akwa Ibom shi ma ya hau wannan kujera a 2023. Kashim Shettima ya bar mulkin Borno a 2019, ya yi sanata, daga nan ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2023. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da yawan tsofaffin gwamnonin da suka shiga zauren aka daina jin ɗuriyarsu.

To, mu koma ga ɗaya hanyar. Shugabancin ƙasa aikin zartarwa ne, ya fi kusa da abin da gwamna ya iya. Tarihi ma ya nuna haka: Umaru Musa 'Yar'aduwa ya mulki Katsina kafin ya zama shugaban ƙasa a 2007, Goodluck Jonathan ya mulki Bayelsa, Bola Tinubu ya mulki Legas. Sai dai akwai wani shinge da masu yi wa gwamna kirari ba su cika ambata ba, wato sashe na 134 na tsarin mulki. Bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a ba, dole ne kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24. Gwamna kuwa, komai farin jininsa, jiha ɗaya ce ta ɗanɗana mulkinsa.

Mutane da yawa sun yi karo da wannan shinge. A 2007 Orji Uzor Kalu na Abiya da Attahiru Bafarawa na Sakkwato sun fito daga gidan gwamnati kai tsaye suka shiga takarar shugaban ƙasa, babu wanda ya sami ƙuri'a miliyan ɗaya a cikinsu. Malam Ibrahim Shekarau na Kano ya gwada a 2011, shi ma bai kai miliyan ɗaya ba. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda babu mai shakkar yawan magoya bayansa, ya sami kusan ƙuri'a miliyan ɗaya da rabi a 2023, amma wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'un daga Kano kaɗai suka fito. Su kuma ukun da suka kai ga gaci, ba farin jinin gida ne kawai ya kai su ba. 'Yar'aduwa ya hau ne a kan ƙarfin jam'iyyar PDP da goyon bayan Shugaba Obasanjo. Jonathan ta hanyar mataimaki ya bi, ya gaji kujerar a 2010. Tinubu kuwa ya sauka daga mulkin Legas a 2007, bai koma majalisar da ya taɓa zama a cikinta a 1992 ba, sai ya shekara goma sha shida yana ƙulla zumunci da 'yan siyasar sassa daban-daban, har da haɗakar da ta haifi APC a 2013.

Peter Obi bai nemi kujerar sanata ba bayan saukarsa. A 2019 ya tsaya mataimaki ga Atiku Abubakar a PDP, abin da ya sa aka san shi a wajen ƙasar Ibo. A 2022 ya koma jam'iyyar Labour, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023. Wannan ne zaɓen farko da na jefa ƙuri'a a rayuwata, kuma ba zan manta da yadda matasa suka yi dafifi tun da sassafe a rumfarmu ba. Bisa sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana, Tinubu ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1. Obi ya ci jihohi 11 da Abuja, har da Legas da Filato da Nasarawa. Shi da Atiku sun garzaya kotu, amma a watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tinubu nasararsa.

Darasi biyu na ɗauka daga wannan. Na farko, ko da mutum bai ci ba, takarar shugaban ƙasa tana iya amfanar jama'a fiye da zaman shiru a majalisa. A lokacin yaƙin neman zaɓen, na ji 'yan aji ɗaya da ni waɗanda da ba ruwansu da siyasa suna gardama a kan bashin da ake bin ƙasa da tsadar tafiyar da gwamnati. Na biyu, shekara tara bayan barinsa gidan gwamnati, Obi bai iya tsallake shingen jihohi 24 ba, domin a mafi yawan jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas bai ko kusanci kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Anambra kuwa ya kwashe fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ƙaunar gida ta cika ta batse, amma ba a ɗaukar rararta a kai wata jiha.

Mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin dalilin haka. Ni da na koyi Hausa da girmana, na ga yadda fuskar mai sayar da albasa a kasuwar Anacha take sakewa idan na gaishe shi da harshensa na tambaye shi mutanen gida. Manomin da ke Jigawa bai taɓa hawa hanyar Anambra ba, ɗansa bai yi karatu a makarantunmu ba. Kafin ya ba ka ƙuri'arsa sai ya san ka, ya ji ka a rediyo da harshen da yake fahimta, ya ga mutanen da ya yarda da su suna tare da kai. Haka abin yake ga ɗan takarar da ya fito daga arewa idan ya zo Aba ko Ibadan. Irin wannan sabo ba a gina shi cikin wata shida na kamfe, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

A taƙaice, shawarata ga duk gwamnan da jama'arsa ke yabo ita ce, idan har yana jin yana da sauran abin da zai ba ƙasa, to ya nufi shugabancin ƙasa, domin nan ne gwanintarsa za ta yi aiki. Amma kada ya bari kirarin 'yan gida ya ruɗe shi ya yi tsalle daga gidan gwamnati kai tsaye. Ya sauka, ya zaga ƙasa, ya nemi abokai a inda ba a san shi ba, ya yarda cewa abin zai iya ɗaukar shekara goma ko fiye, kuma zai iya faɗuwa. Majalisar Dattawa kuwa ya bar wa masu son aikin doka, sai fa idan ya tabbata zai zauna ya koya kamar kowane sabon shiga. Idan duka biyun ba su yi masa ba, komawa gida da mutunci ba abin kunya ba ne. Mu kuma masu zaɓe, kafin mu ɗaga hannun kowa, mu riƙa tambayarsa aikin da zai je yi a kujerar da yake nema. Allah ya ba mu shugabanni nagari.